Tambayoyi da amsoshi a kan Contra, gem ɗin mutum biyu da ya haɗa 'yan'uwa faɗa

Duk sanda hirar tsofaffin gem ta taso sai an ambaci Contra, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke dawowa, wani yana neman lambar rai talatin da ya manta, wani yana musu kan wace bindiga ce ta fi, wani kuma yaro ne da bai taɓa ganin kaset ba yana son sanin me muke ta zuzutawa haka. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya. In amsa ta yi tsawo a wani wurin ku yi haƙuri, abin ne ya taɓo ni.

Wai mene ne Contra ɗin ma?

Gem ne na gudu da harbi. Kana gudu daga hagu zuwa dama, kana tsalle, kana harbin duk abin da ya motsa, shi ke nan. Kamfanin Konami na Japan ne ya yi shi, ya fara fitowa a 1987 a matsayin babban akwatin nan da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa, sannan a 1988 aka mayar da shi kaset na na'urar gem ta gida ta Nintendo, wadda ake kira Famicom a Japan, NES kuma a Amurka. Wannan na kaset ɗin shi ne wanda duniya ta sani, shi ne kuma wanda nake magana a kai a nan sai dai in na faɗi wani daban.

Abin da ya bambanta shi da sa'anninsa a lokacin shi ne kana iya harbi ta kusurwa takwas, gaba, baya, sama, da karkace, har kana cikin tsalle kana dunƙule kamar ƙwallo kana iya harbin ƙasa, kana iya kwanciya rub da ciki harsashi ya wuce ta samanka, sannan babban abin, mutum biyu suna bugawa lokaci ɗaya a allo ɗaya. Ba irin na Mario ba da sai ɗaya ya mutu ɗayan zai karɓa.

Su waye waɗannan biyun marasa riga?

Mai shuɗin wando Bill Rizer, shi ne na hannu na ɗaya, wato abin dannawar da mai bugawa na farko ke riƙewa. Mai jan wando Lance Bean, hannu na biyu. A ɗan littafin da ke zuwa da kaset ɗin Amurka an ba su laƙabi, Bill shi ne Mad Dog, Lance kuma Scorpion. Ba wani bambanci a ƙarfinsu ko saurinsu, launin wando ne kawai, amma je ka gaya wa yara haka, wallahi an sha yin rigima kan wa zai riƙe shuɗi don ana ganin shi ne akta, ja kuma yaronsa.

Kuma duk wanda ya kalli hoton bangon kaset ɗin ya san daga inda aka ɗauko kamanninsu, zamanin Arnold Schwarzenegger da Sylvester Stallone ne, ƙato ba riga, ɗamara a goshi, bindiga kamar ice.

Yana da labari kuwa ko harbi ne kawai?

Yana da shi, har guda biyu ma, kuma ba su yarda da juna ba. A na Japan abin yana faruwa ne a shekarar 2633, a wasu tsibirai na ƙirƙira da ake kira Galuga kusa da New Zealand, inda wata ƙungiya mai suna Red Falcon ta kafa sansani tana shirin cin duniya, ashe a bayanta akwai wasu halittu da suka zo daga sararin sama. Da aka kai shi Amurka sai masu rubuta littafin suka canza, suka dawo da labarin zamanin da ake ciki, suka kai shi dajin Amazon. Mu dai da muka buga shi ba littafi ba kwali, ba wanda ya san ko ɗaya, mun dai san in ka ga mutum ya taho a guje to ka harbe shi.

Mece ce lambar rai talatin? Na manta

Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai Start. Ana yin ta ne a allon farko inda sunan gem ɗin yake, kuma da sauri kafin ya shiga nuna kansa. In ku biyu ne, bayan ka danna A sai ka danna Select ka sauko kan mutum biyu kafin Start, kowa zai samu talatin ɗinsa. Nan ne mutane da yawa suka ɗauka Select yana cikin lambar, alhali ba ya ciki, zaɓen yawan masu bugawa ne kawai.

Abin da da yawa ba su sani ba, ba a Contra lambar ta fara ba. Wani ma'aikacin Konami ne mai suna Kazuhisa Hashimoto ya ƙirƙire ta lokacin da yake mayar da gem ɗin jirgi mai suna Gradius zuwa Famicom a 1986, gem ɗin ya yi masa wahala wajen gwaji sai ya saka wa kansa hanyar samun makamai cikin sauƙi, aka fitar da kaset ba a cire ba. Contra ne dai ya yi mata suna saboda nan ne aka fi buƙatarta. Hashimoto ya rasu a 2020, amma lambarsa na nan a gem da yawa har da wasu shafukan intanet da ake ɓoye ta don raha.

Me ya sa ake mutuwa da wuri haka?

Saboda taɓawa ɗaya ce. Ba wani layin jini da ke raguwa a hankali, harsashi ɗaya ya same ka ka tafi, soja ya goge ka da kafaɗa ka tafi, ka faɗa rami ka tafi. Rai uku ake ba ka, da damar ci gaba sau uku, in suka ƙare sai daji tun daga farko. Kuma abin da ya fi ciwo ba ran ba ne, bindigar ce, don in ka mutu duk abin da ka tsinta ya tafi, ka dawo da 'yar ƙaramar nan mai tofa fararen ɗigo.

Harsashin maƙiya ma ƙanana ne farare, a tsohuwar talabijin mai yayyafi wani lokacin ba ka ma ganin abin da ya kashe ka, sai dai ka ji ƙarar nan ka ga mutuminka ya wuntsila baya.

Wace bindiga ce ta fi?

S. Wannan ba abin musu ba ne, amma bari in bi su.

Makaman suna zuwa ne a wani abu mai kama da ƙwai da ke shawagi a sama yana lilo, ko a cikin akwatin ƙarfe da ke buɗewa yana rufewa a jikin bango, ka harbe shi sai alamar shaho mai harafi ta faɗo. M tana zuba harsashi a jere in ka danne maɓalli, ba sai ka yi ta bugawa ba, tana da daɗi ga wanda yatsansa ya gaji. F wuta ce da ke tafiya tana juyi kamar guguwa, a hankali take, kuma yawancin mutane tsallake ta suke yi kamar kashi a hanya. L haske ne dogo mai ƙarfi sosai, matsalarta in ka sake danna harbi kafin na farko ya isa sai ya katse ya faro daga baki, to mai gaggawa sai ya ga kamar bindigar ta lalace, alhali ita haƙuri take so, ka harba ka jira. R ba bindiga ba ce, tana ƙara wa wadda ke hannunka sauri ne. B tana sa jikinka ya yi ta walƙiya na ɗan lokaci ba abin da zai taɓa ka, sai dai rami ba ruwansa da B. Akwai kuma shaho mara harafi da ke share duk maƙiyan da ke allo lokaci ɗaya.

S kuwa harsashi biyar take watsawa kamar an buɗe mafici, daga nesa ta rufe maka gaba da sama, in kuma ka matsa jikin bos, wato babban maƙiyin ƙarshen mataki, duka biyar ɗin a kansa suke sauka. S da R a haɗe, to ka zama sarki. Shi ya sa babban bala'in da ke samun mai S ba mutuwa ba ce kaɗai, har da ya yi tsalle cikin rashin sani ya faɗa kan F ta maye masa gurbinta. Na ga babban mutum ya ajiye hannu ya fita waje shan iska saboda wannan.

Mataki nawa ne, kuma wanne ya fi wuya?

Takwas ne a na kaset. Daji, sansani na ɗaya, gangaren ruwa, sansani na biyu, filin ƙanƙara, wurin makamashi, rumbun ajiya, sai gidan halittun.

Dajin kowa ya haddace shi, gadoji biyu da ke fashewa a ƙarƙashin ƙafarka, in ka faɗa ruwa ba ka mutuwa, in ma ka danna ƙasa ka nutse ba abin da ke samunka har ka ɗago. Sansanonin biyu su ne inda kallo ke canzawa, ka koma kana ganin bayan mutuminka yana fuskantar cikin lungu, ga wayar lantarki a gabanka, sai ka fasa abin da ke jikin bangon can ciki kafin ta ɗauke, in ka yi garaje ka matsa ta kama ka ta riƙe ka na ɗan lokaci harsashi na tahowa. Gangaren ruwa hawa ake yi sama, duwatsu na gangarowa. Ƙanƙara ga bama-bamai ana jefowa daga bayan itatuwa ga motar yaƙin nan mai ƙayoyi a gaba da in ba ka fasa ta da wuri ba za ta taka ka.

A wurina wurin makamashi ne mugu, na shida. Wutar nan da ke feso daga bututu, wata daga sama wata daga gefe, wata daidai inda za ka tsallake rami, dole ka tsaya ka ƙirga lokacinta, kuma Contra ya riga ya koya maka gudu tun daga farko sai a nan ya ce tsaya. Wasu za su ce na bakwai ne saboda faratan ƙarfe da ke saukowa daga rufi da bangaye masu ƙaya da ke tsirowa a gabanka, ban ƙi ba. Na takwas tsoro ne da shi fiye da wuya, ko'ina kamar cikin hanjin dabba, bakuna a bango suna tofo abubuwa, ƙarshe ka tarar da wata ƙatuwar zuciya tana bugawa, ita ce bos na ƙarshe, kuma in kana da S ba ta da wani tasiri sosai.

Bugawa mutum biyu ya fi sauƙi ko?

Haka lissafi ya ce, bindiga biyu ta fi ɗaya. Amma duk wanda ya buga ya san gaskiya, wanda ke zaune kusa da kai ya fi Red Falcon kashe ka.

Dalili shi ne allo ɗaya kuke rabawa kuma allon ba ya komawa baya. A matakan da ake tafiya gefe, in ɗaya ya tsaya a baya allon ba zai motsa ba, sai na gaba ya yi tsalle zai haye rami ya ji kamar an riƙe masa riga, ya faɗa. A gangaren ruwa kuma abin juyawa yake, na sama in ya ci gaba da hawa allon na binsa, ƙasan allon ya zama rami, na ƙasa yana tsaye lafiya lau a kan dutse sai kawai ya ga ya mutu ba wanda ya harbe shi. Wannan mataki na uku shi kaɗai ya isa a rubuta littafi a kansa. "Yaya ka tsaya mana!" "Kai ne ba ka da sauri." "Wallahi da gangan ka yi." Daga nan sai a ji muryar Umma daga tsakar gida tana cewa in ba za ku yi shiru ba a kashe abin nan.

Sai rabon makami. S ɗaya ta faɗo ku biyu ne. Wa zai ɗauka? A ƙa'ida wanda ya fi iyawa ya kamata ya bar wa mai rauni don ya daɗe a raye, a zahiri kuwa babban wa ne ke ɗauka ko da yana da wata S ɗin a hannu, don kawai kar ƙane ya samu. Amma in aka dace da abokin da kuka saba, ɗaya ya riƙe sama ɗaya ya riƙe ƙasa, ɗaya ya ce tsalle ɗayan ya riga ya tashi, ba magana mai yawa, to a nan ne za ka gane me ya sa har yau ake maganar gem ɗin. Ni ban taɓa jin daɗinsa ni kaɗai kamar yadda nake ji da mutum a gefe ba, ko da mutumin yana jawo min asara.

Da gaske ana satar rai?

Da gaske ne. In rayukanka sun ƙare abokinka kuma yana da saura, kana danna maɓalli sai ka dawo fili da ɗaya daga cikin nasa, ba a tambayarsa, ba a neman izininsa. Masu gem ɗin sun saka shi ne don taimakon juna, mu kuma muka mayar da shi sata da rana tsaka. Mutum ya yi ta tattalin ransa tun daga daji, ya duba sama ya ga lambobin yabon nan da ke nuna rai sun ragu, ya juyo ya ga ƙaninsa na kallon talabijin da fuskar salihai.

Na ga wani Contra da mutum-mutumin ƙarfe maimakon mutane, jabu ne?

Ba jabu ba ne, na Turai ne. Sunansa Probotector, ya fito a 1990. Saboda dokokin Jamus na kare yara daga wasannin da ake nuna mutum na kashe mutum, sai Konami ta canza jaruman biyu da yawancin sojojin suka koma na'urori, sauran komai iri ɗaya ne. An ci gaba da haka a Turai har wasu shekaru. Kafin nan ma a can an san gem ɗin da wani sunan, Gryzor, a akwatin gidan wasa da kuma kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64 da Amstrad CPC.

Me ya sa a wani kaset itatuwa na motsi a wani kuma ba sa yi?

Ka yi sa'a ka ga na Japan. A can Konami ce ke haɗa kaset ɗinta da kanta, sai ta saka masa wani ƙarin guntu da ake kira VRC2, shi ya ba da damar itatuwan daji su riƙa kaɗawa, ƙanƙara ta riƙa zuba a mataki na biyar, ga taswira da hotunan labari tsakanin matakai. Na Amurka bai samu wannan ba, komai a tsaye cak. Wasan dai ɗaya ne.

To namu da muka buga a gida wanne ne a ciki?

Yawancinmu ba NES na asali muka gani ba, kwaikwayon Famicom ne da ake ƙerawa a China da Taiwan, mai kaset rawaya, wani ma da siffar allon rubutun kwamfuta yake zuwa, da bindigar roba ta harbin agwagwa. Kaset ɗin a rubuce gem dubu ɗari tara da wani abu a ciki ɗaya, ka kunna ka tarar gem kaɗan ne ake ta maimaitawa da suna daban-daban. Contra kusan kullum yana sahun farko a jerin, kuma sau da yawa an riga an taɓa shi, wannan ya fara ka da rai talatin, wancan ya fara ka da S a hannu, wani ya jefa ka mataki na biyar kai tsaye. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa shi bai taɓa saka lamba ba kuma da rai talatin yake farawa, ba ƙarya yake ba, kaset ɗinsa ne haka.

Hannuwan ma suna da ƙarin maɓalli biyu masu harbi da kansu in ka danne, wanda na asali ba shi da su. Ga hura kaset in ya ƙi kamawa, ga adafta da ke zafi har a ɗora ta a kan siminti ta huce, ga uwa uba a ɗauke wuta kana gab da zuciyar nan, kuma gem ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya.

Sunan yana da alaƙa da 'yan tawayen Nicaragua?

Lokacin dai ya zo ɗaya. A shekarun 1980 akwai 'yan tawayen da ake kira Contra a Nicaragua waɗanda Amurka ke mara wa baya, kuma badaƙalar Iran da Contra ta fashe a ƙarshen 1986, watanni kaɗan kafin gem ɗin ya fito, sunan yana bakin kowa a labarai. A cikin gem ɗin kansa ba Nicaragua ba siyasa. Abin lura dai shi ne na biyunsa da ya zo NES a 1990 an taƙaita sunan ya koma Super C.

Ana iya ƙure shi ba tare da lambar ba?

Sosai ma. Gem ɗin gajere ne, wanda ya san hanya zai gama shi cikin kamar minti ashirin, masu tseren gamawa da sauri ma suna yin sa ƙasa da minti goma. Wuyarsa ta rashin sani ce, don bindigogin bango da makamai da ramuka kullum a wuri ɗaya suke, in ka mutu a wuri sau uku na huɗu ka san abin da ke jiranka. Shawarata, yi amfani da talatin ɗin ka ga ƙarshe tukuna, ka haddace inda S take a kowane mataki, sannan ka dawo da ukun. Kar ka daina harbi ko ba ka ga kowa ba, kar ka yi tsalle in ba dole, don a sama ba ka da yadda za ka kauce sosai, kuma ka riƙa waiwaye saboda sojojin da ke ɓullowa ta baya. In ka ƙure shi zai sake farawa daga daji da ƙarin wuya.

Akwai wasu bayan wannan? Wanne zan nema?

Suna da yawa. Super Contra a 1988, wanda ya zama Super C a kaset, shi ya kawo matakan da ake kallo daga sama, kuma lambarsa daban ce, dama, hagu, ƙasa, sama, A, B, Start, rai goma take bayarwa a na Amurka. Operation C a Game Boy a 1991. Contra III a Super Nintendo a 1992, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne ƙololuwa, kana riƙe bindiga biyu kana canzawa, kana maƙale a jikin makami mai linzami a sararin sama. Hard Corps a Sega a 1994, mai jarumai huɗu da hanyoyi da ƙarshe daban-daban, wannan mugu ne na gaske, kuma abin dariya na Japan ya fi sauƙi don a can sai an taɓa ka sau uku kake mutuwa. Daga baya akwai Shattered Soldier a PlayStation 2 a 2002, Contra 4 a Nintendo DS a 2007, sai Operation Galuga a 2024 da ya koma labarin farko. Wanda ake kira Contra Force na 1992 kuwa suna kawai ya ara, in ka tsallake shi ba ka yi asarar komai ba.

A ina zan buga shi yanzu?

Hanya mafi sauƙi ita ce Contra Anniversary Collection da Konami ta fitar a 2019, yana kan PlayStation 4, Xbox One, Switch da kwamfuta, a ciki akwai na gidan wasa, na NES, na Japan mai itatuwa masu motsi, Super C, Contra III da Hard Corps. Ƙananan na'urorin nan masu arha da ake saƙalawa a bayan talabijin ma da wuya ka samu wadda ba shi a ciki. A waya kuwa yana buɗewa amma ban ba ka shawara ba, maɓallin da ke kan gilashi ba ya jin karkacewar yatsa, za ka so harbin sama a karkace ka ga mutuminka ya kwanta. Nemi hannu na gaske, guda biyu, ka kira wanda kuka saba, kuma tun kafin a danna Start ku yi yarjejeniya kan wa zai ɗauki S ta farko da kuma wa zai riƙa jiran wani a gangaren ruwa.